Malam Ya Ce a Jira

Kun sha jin maganar nan a gidan baffanku Bello, wani lokaci da wasa, wani lokaci ba da wasa ba. In an sauke abinci ana dakon wani, sai a ce Malam ya ce a jira, a kwashe da dariya. In kuwa kakarku, Allah ya jiƙanta, ta ja ƙafarta ta hagu za ta fita alwala, sai gida ya yi tsit, wani ya faɗi maganar can ƙasa-ƙasa, ba mai dariya. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Ni ba mai iya gardama ba ne, in aka ɗaga mini murya sai abin da zan faɗa ya gudu ya bar ni. A rubuce kaɗai nake iya tsayawa da ƙafata. Yanzu da ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa, ido kuma ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, gara in rubuta muku tun ina iyawa. Na faɗi maganar, ban musa ba. Abin da nake so ku sani shi ne me nake jira, kuma me ya hana shi zuwa.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, ita kuwa Bafulatana ce irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari har kabari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Ina ƙarami "yaron nan" nake, da na fara koyarwa a Talata Mafara sai na koma "mutumin Mafara". Ku da kuka tashi a gari, kuna ganin mahaifiyarku tana kiran babbanku da sunansa har da jan kunne, za ku ɗauka rashin ƙauna ne. Ba haka ba ne. Inna tana yi mini magana fiye da kowa a gidan, sai dai ba ni take fuskanta ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan hau babur in tafi ƙauyenmu, can gefen Damaga, in shimfiɗa tabarma a gindin rumbu in buɗe littafi. Sai mu gaisa ta bakin gwaggonku Kulu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Lafiya lau, lafiya lau, ya yara, ya hanya. Daga nan Inna ta koma aikinta kamar babu ni a duniya. Sai an jima, sai ta tabbata na nutse a karatu, sannan ta fara. Ta gaya wa akuya cewa rufin ɗakin nan ba zai ga wata damina ba. Ta gaya wa Kulu cewa gwiwa ta hana ta barci. Ta gaya wa turmi cewa wasu dai ramewa suke yi, ba a sani ba ko abincin gari ne bai karɓe su ba. Ni kuma in juya shafi, in gaya wa littafin cewa kwanon rufi ya yi sauƙi a Mafara wannan makon. Haka muka yi rufi, haka muka je asibiti, haka muka sayar da bijimi muka yi rijiya. Sharaɗin ɗaya ne, kada ta ga ina jiran maganarta. In na ɗago kai, ta kama bakinta, kuma ranar shi ke nan.

Na haura hamsin aka ba ni gurbin digiri na uku a wani ƙaramin gari a Jamus, kan gishirin nan da ke cin gonakin noman rani a Bakura da Mafara. Tun ina saurayi nake neman irin wannan damar, ta zo sai da furfura. A lokacin daji ya riga ya ɓaci. Ana jin an kora shanu a can, an ɗauke mutum a can, amma ƙauyenmu bai taɓa ganin komai ba, kuma mutum yana saba wa labari in ba a ƙofarsa yake ba. Abin da ya fi damuna shi ne Juma'o'in nan. Don haka kafin in tafi na saya wa Kulu babbar waya da farantin sola, na kafa ƙusa a jikin rumbu daidai inda nake zama, na nuna mata yadda za ta rataye wayar ta bar ta a buɗe. Mun gwada daga gidana na Mafara. Na zauna a teburina da littafi, wayar tana jingine, ina ganin tsakar gida ina jin kaji. Inna ta yi kamar ba ta san da abin ba har rana ta karkata, sannan ta gaya wa akuya cewa ƙasar da aka ce ruwa yana daskarewa, mai hankali bargo biyu yake tafiya da shi. Na tafi da bargo biyu, hankalina kwance. Na ɗauka abin da ya rage kawai in isa in sa intanet a ɗakina.

Ɗakin da na samu a ƙasan wani tsohon bene yake, rabinsa a cikin ƙasa, tagarsa daidai takalman masu wucewa. Bangon ya yi kaurin katangar gidan sarauta, sabis ɗin waya ba ya shiga ko kaɗan. Jami'a kuma shekarar ana fama da cutar nan da ta rufe duniya, ɗakin karatu sai da izini, ka zauna ɗan lokaci da takunkumi a baki, ko tari ka yi sai an juyo. Ba wurin da mutum zai saki kukan akuya da dakan turmi ba ne. Na je kamfanin intanet, suka ce sai da asusun banki. Banki suka ce sai da shaidar zama daga ofishin gari. Ofishin gari suka ce sai mai gida ya sa hannu, mai gida kuwa a wani gari yake, ba ya amsa waya, wasiƙa kaɗai yake amsawa. Kun san ni da bin ƙa'ida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba, ban ɗaga wa kowa murya ba. Da komai ya kammala suka aiko mini da ɗan akwati mai fitilu, suka ba ni ranar da ma'aikacinsu zai zo ya haɗa, makonni a gaba, wai tsakanin safe da azahar.

Ranar na yi wanka tun da wuri, na share ɗaki, na dafa shayi na mutum biyu, na zauna kusa da ƙofa. Ko bayi ban shiga ba don kada a buga ƙararrawa ban ji ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ba kowa. Washegari na tarar da ɗan kati a akwatin wasiƙu, wai an zo ba a same ni ba. Sai da wata maƙwabciya ta dubi katin ta dubi ƙofa sannan na gane. A can kowane mai ɗaki yana liƙa sunansa a jikin ƙararrawarsa. Ni na rubuta Usmanu Garba, sunana da na mahaifina, yadda kowa ya san ni. Amma a fasfo sunana na ƙarshe Maradun ne, tun ranar da hedimasta ya rubuta mu a firamare, mu Usmanu uku a aji ɗaya, ya raba mu da garuruwa. Wa zai rubuta sunan gari a ƙofarsa ya ce shi ne? Mutumin ya zo neman wani Maradun, ya duba ƙararrawa bai gan shi ba, ya jefa kati ya wuce, ni kuwa ina bayan ƙofar, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

A cikin kwanakin nan ne baffanku Bello ya kira ni. Ina tsaye bakin titi, don nan kaɗai waya ke kamawa. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi kasuwa, sannan ya zo kan magana.

"Malam, al'amarin ƙauye fa ya fara wuce wuri. Na gyara ɗaki nan gidana. Kai ne babba, kai za ka ce a ɗauko Inna ko a bar ta."

"Ita mi tac ce?"

"Kai ma ka san Inna. Lahiya lau tac ce."

Ku fahimci nauyin abin da ya aza mini. Gidanmu na ƙauye Inna ta shigo shi tana yarinya. Kabarin kakanku yana bayan katanga, duk safiya tana ganinsa in ta fita wurin shanu. Gidana ba za ta zauna ba, don uwa irinta ba ta zama gidan ɗan fari, sai dai gidan Bello, cikin gari, kusa da tasha. Kuma shekarun baya, lokacin da aka kai wata tsohuwar ƙawarta Gusau, na ji da kunnena tana gaya wa saniya cewa tsohuwar da aka sa a ɗakin siminti an binne ta ne da sauran numfashi. In na ce a ɗauko ta, ba za ta musa ba, za ta hau mota ta zauna inda aka ajiye ta har ta mutu, ba wanda zai san ko an cuce ta. In na ce a bar ta, haka nan. Maganar saniya kuwa ta tsufa, an yi ta ne kafin daji ya ɓaci. Ban san abin da ke ranta a wannan shekarar ba, kuma ni kaɗai na san yadda ake ji. Sai na ce da Bello a jira in ji ta bakinta, intanet ɗina yana nan tafe. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Rabin farko aka riƙe, aka yar da sauran.

Ban zauna jiran kamfani kawai ba. Wata Juma'a na sayi data a waya, na ɗauki littafi na tafi wurin da ake jiran bas na zauna a benci. Hoto bai yiwu ba, sabis ɗin bai kai ba, sai murya kaɗai. Kulu ta rataye wayar a ƙusa. Muka gaisa. Na buɗe littafi ina juya shafi da ƙarfi don a ji. Amma bas yana tsayawa yana tashi, mutane suna wucewa suna yarensu, iska tana kaɗa wayar. Ba a jima ba na ji muryar Inna daga nesa.

"Kulu, ce ma mutumin can shi shiga ɗaki. Ba a zaman bakin hanya ƙasar mutane."

Ta san ba karatu nake ba. Mutum ba ya barin ɗakinsa ya zauna a titi don karatu, jira yake. Na sake gwadawa a lambun gari, na gwada a matakalar bene, duk ɗaya. Tana jin iska ko takun mutane sai ta ce a gaya mini in shiga ciki kada sanyi ya kama ni. Sai in tashi in koma ramin nan nawa inda waya ba ta kamawa.

Na gyara suna a ƙararrawa, na rubuta Maradun da manyan baƙaƙe kamar allon tasha. Aka ba ni wata rana. A wannan karon sun rubuto cewa ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda wayoyin gidan suke haɗuwa ya zama a buɗe. Mabuɗin yana hannun mai kula da gidan, wani dattijo mai kare, wanda a ƙalla ya girme ni da shekara ashirin. Na je na gaishe shi. Na tambayi lafiyarsa, na tambayi iyalinsa, har karen na tambaya. Ban ga ya dace ranar farko da na taka ƙofar dattijo in fito da buƙata ba, sai na yi sallama na tafi. Na koma na sake gaishe shi da ɗan dabino. A zuwa na uku na ce masa, mutanen kamfanin intanet za su zo ranar Alhamis, an ce wai aikin nasu a ƙasa yake. Ya ce madalla. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Ka gaya wa babba haka, ya san abin da ya kawo ka, zai ba da mabuɗi ba tare da ya sa ka roƙa ba. Shi kuwa ya ɗauka labari nake ba shi. Ranar Laraba ya ɗauki karensa ya tafi hutu bakin teku.

Ma'aikacin ya zo, dogo, da jaka a kafaɗa. Na yi masa tayin shayi ya ce a'a. Ya murɗa ƙofar ƙasa ya ji ta a kulle, ya dubi agogo, ya ce ba mabuɗi ba aiki. Na roƙe shi, da ɗan Jamusancin da na haɗa da Turanci, ya ɗan dakata in nemi wani. Ya ce akwai gidaje da yawa a gabansa. Bai yi fushi ba, bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Na koma bakin titi ina kiran kamfani. Sai na'ura ta amsa, ta ce danna kaza, danna kaza, sannan a sa maka kiɗa. Kiɗan nan har yau in na ji mai kama da shi a gidan biki sai in tashi in fita. Da na samu mutum, wata mata ce mai sanyin murya. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na gaya wa baƙuwa zancen gidanmu. Na ce mahaifiyata tana wurin da ake kashe mutane, kuma sai da wannan layin zan iya jin ta. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta tambaya me zai hana in kira ta a waya. Na roƙe ta ta matso mini da ranar. Ta ce ranakun ba ita ke ba da su ba, kwamfuta ce, ta ba ni wata rana bayan wata guda.

A zuwan ma'aikacin na uku an buɗe ɗakin ƙasa, dattijon ya dawo, ya ma yi mamakin me ya sa ban ce ina son mabuɗi ba tun farko. Ma'aikacin ya shiga ya haska, ya fito ya ce akwai matsala. Wanda ya zauna ɗakina kafin ni ya bar ƙasar bai soke layinsa ba, a wurin kamfani har yanzu shi ne a ɗakin, kuma ba a ɗora layi kan layi. Sai an rubuta masa, sai an jira bai amsa ba, sannan a cire shi. Na ce ai ga ni tsaye, ga ɗakin, ga kayana, kowa ya ga ba ya nan. Ya ce ya gani, amma gani ba ya cikin aikinsa.

Damina ta yi nisa a gida. Bello ya sake kira, wannan karon gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Ya ce an tashi ƙauyen su Kawu, mutane suna ta shigowa Mafara da tabarmi a ka.

"Har yanzu jiran ne, Malam?"

Wallahi kalmar a ɗauko ta tana bakina. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na kira Kulu, na sa ta fita bayan gida inda Inna ba za ta ji ba, na tambaye ta a fili, ko Inna ta ce wani abu game da tashi, ko da wa akuya ne, ko da wa bango. Ta ce, "Ba ta ce komi ba, Yaya." Na tambaye ta ita fa, tana jin tsoro? Ta ce tsoro kowa na ji, amma inda Inna take nan take. Washegari na gaya wa Bello an ba ni rana ta ƙarshe, saura kaɗan, Juma'a ɗaya kawai nake nema. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Mutanen kamfanin sun zo kuwa. Gero ya fitar da kai a gida lokacin. Aikin da na yi wata da watanni ina jira bai ɗauki mutumin tsawon shan shayi ba. Ya sauka ƙasa, ya hau, ya soka waya a bango, fitilun akwatin suka yi ja, suka yi ƙyafta-ƙyafta, suka tsaya kore. Na yi masa godiya har ya ji kunya. Ranar Juma'a na gyara tebur, na jingina waya, na buɗe littafi, na kira Kulu bayan la'asar ɗinsu. Ba ta shiga ba. Na kira Bello, ba ta shiga ba. Na kira mahaifiyarku, na kira abokan aikina, na kira mai shagon da ke ƙofar gidanmu, duk kamar an tattara su an rufe a tukunya. Da intanet ɗin nan nawa sabo na karanta cewa hukuma ta sa an rufe layukan waya a jiharmu baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Layin nawa kuwa bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya. Gudu yake kamar ruwan dam. Amfanin da na yi da shi a makonnin nan shi ne neman sunayen ƙauyuka a labarai, in ga ko namu ya fito.

Bai fito a labarai ba, ƙauyenmu bai kai a rubuta shi ba. Mahaifiyarku ce ta hau mota ta yi tafiya mai nisa ta hanyar Sakkwato har inda waya ke kamawa, ta kira ni daga bakin wani gidan mai. Ta ce 'yan bindiga sun shigo da rana tsaka, a kan babura. Mutane suka watse cikin gonaki. Kulu ta ja Inna suka bi ta cikin dawa, Inna ba takalmi, ta taka wani kututture ya shige ta tafin ƙafa, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da tafiya a kansa har Maradun. Kafin a samu motar da za ta kai ta asibiti a Mafara ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Likitoci sun ceci ƙafar, amma ba su ceci tafiyar ba. An kora shanun, an ƙone rumbu. Ta ce a gode wa Allah da rai. Na gode. Amma ba ta kashe wayar ba, na san akwai saura.

"Ana ta magana, Malam."

"Mi ake cewa?"

"Ana cewa Bello ya so ɗauko ta tun bazara, kai kac ce a jira."

Sai bayan kaka aka buɗe layi. Daga ranar, kullum bayan la'asar Kulu tana jingina wayar a kan taga a ɗakin da Bello ya gyara, ni kuma ina teburina da littafi. Hoto tas, murya tas, har ƙudan da ke yawo a labule ina gani. Amma ba akuya, ba turmi, ba saniya. Inna tana zaune a katifa, ƙafa a miƙe, tana kallon bango mai fenti. Matar Bello tana kula da ita iyakar ƙoƙari, ba na zarginta da komai. Sai dai maganar Inna tana son tsakar gida, tana son abin da za a faɗa wa, ɗakin kuwa ba komai sai fanka da hayaniyar tasha. Makonni ina juya shafi, ban san me nake karantawa ba. Malamina yana tambayar ina babin da na yi alkawari, ina ce masa yana zuwa.

Wata rana Kulu tana shafa mata man kaɗe a ƙafar. Inna ta sunkuya ta dubi ƙafar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta yi mata magana, a hankali, yadda take yi wa akuya.

"Ke ma kin sha wuya a banza. Kaya ɗaure tun kahin ruwan fari, nan bakin ƙofa, kowa na tsallakawa. Ranar gudu ko ɗaukarsu ba a yi ba."

Na ɗago kai. Na san ƙa'ida, tun ina yaro na san ta, amma na ɗago. Inna ta ja mayafi ta juya fuska. Na ce da Kulu ta ɗauki wayar ta fita waje. Ta fita ta tsaya gefen tankin ruwa, na tambaye ta waɗanne kaya. Ta ce ban daɗe da tafiya ba, ranar da aka ji harbi daga wajen rafi, Inna ta wanke ƙoranta duka, ta jera su ciki-ciki, ta haɗa da bargon kakanku da tasbaharsa, ta ɗaure a zane ta ajiye a ƙofar ɗakinta. Tun ranar a ƙwarya ɗaya take cin abinci. In an yi shara sai a ɗaga ƙunshin a share a mayar. Ƙofar nan ita ce ke fuskantar rumbu, daidai inda na kafa ƙusa. Na ce to Bello fa? Ta ce Bello duk mako yana zuwa, ta kan kayan yake tsallakawa ya shiga gaishe ta. Na ce, Kulu, na kira ki, na sa kin fita bayan gida, na tambaye ki.

"Ka tambaye ni abin da tac ce, Yaya. Ba ka tambaye ni abin da na gani ba. Kuma ni wa, da zan ce Inna na son barin gidan Baba, alhali ita ba ta faɗa ba?"

Ban yi mata faɗa ba. Da me zan yi? Ita ma a cikin dawar nan ta gudu.

Da na gama karatu na dawo, na bar kwanaki suka wuce, aka gama zuwa yi mini barka. Ranar wata Talata na je kasuwa na sami baffanku a rumfarsa ta hatsi. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na jira mutane suka ragu. Na ce masa na ji labarin kayan Inna da ke bakin ƙofa. Bai yi mamaki ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya ce ya gani, tun makon farko ya gani, kuma ya gane.

"To mi ya hana ka ɗauko ta?"

"Kai ne babba, Malam. In ni na tashe ta ba da bakinka ba, har in mutu cewa za a yi Bello ya watsa gidan ubanshi don ya ga yayanshi ba ya ƙasar."

"Da ka ce mini kayanta na ɗaure."

"Da ka tambaya."

Wata mata ta zo da buhu tana son masara. Ya juya ya ɗauki tiya ya fara auna mata, yana cika kowace har ta yi tozo, yadda ya saba, don baffanku bai taɓa tauye awo ba. Na tsaya har ya gama, na yi masa sai an jima. Ban sake tayar da maganar da kowa ba sai yau.